Layin Pampo: Yadda Wasan Kwaikwayo Ya Shiga Wani Ajin CE2 a Damagaram

Makarantar da wannan bayani ya shafa firamare ce ta gwamnati, a ɗaya daga cikin unguwannin da suka tsiro a bayan garin Zinder, wato Damagaram, inda ruwan pampo ke zuwa ran da ya ga dama. Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma na malamar da na yaran. Ina cikin COGES, kwamitin kula da tafiyar da makarantar, a matsayin wakilin iyaye, kuma da yake na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, darakta ya ba ni izinin shiga aji in zauna daga baya duk lokacin da na so. Abin da zan kawo, wani da idona na gani, wani malamar ce ta faɗa mini, wani kuma a zaman kwamiti aka baje shi.

Ajin CE2 ne, wato shekara ta 4 a lakwal, makarantar boko. Rumfa ce ta zana da kara, irin wadda ake ɗaurawa bayan an gama girbi, yara sun haura 70, rabi a kan benci, rabi a kan tabarma. Littafin karatun Faransanci ɗaya yara da yawa ke taruwa a kansa, na gefe sai dai ya leƙa. Malamar, wadda kowa ke ce wa Madam, ƴar kwantiragi ce, ba ta daɗe da fara aiki ba.

A watan Oktoba, da aka dawo hutu, in ka tsaya a bakin rumfar za ka rantse yaran nan sun iya karatu. Madam ta nuna shafi, aji ya ɗauka gaba ɗaya da murya ɗaya, har da ɗan kari kamar waƙa. Ita ma da farko ta ji daɗi. Abin da ya tona asiri ƙaramin abu ne: wata safiya ta kwafe jimla daga littafin a kan allo, amma ta sauya wa kalmomi biyu wuri, ta ƙarshe ta dawo tsakiya. Ta nuna da sanda, aji ya rera jimlar daidai yadda take a littafi. Ta sake nunawa a hankali, suka sake rerawa. Yara ƙalilan ne suka ɗan yi turus, su ma da suka ji sauran sun wuce sai suka bi ayari. Shekara uku ke nan yaran suna hadda, ana rubuta musu maki a kan karatu.

Wannan ba ciwon ajinta kaɗai ba ne. Binciken PASEC, mai auna ƙwazon ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na 2014 ya nuna cewa a Nijar fiye da yara 9 cikin 10 da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Na 2019 ya zo da sauƙi, amma har a lokacin kusan 7 cikin 10 suna ƙasa da matakin. Duk wanda ya koyar ya san dalilan ba sai an karanta masa ba: yaro ya tashi da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, ranar farko a lakwal a tarbe shi da harshen da bai taɓa ji a gida ba, a ce ya koyi harshen, ya koyi baƙi da wasali, duk a lokaci guda, cikin cunkoso. Yaro mai wayo sai ya nemi mafita, mafitar kuwa ita ce hadda, wadda dama ya saba da ita.

Inda tunanin ya fito

Madam ta ce a lokacin shan iska ta samo dabarar. Yaran da ke zama tsit a aji, in an tambaye su sai sunkuyar da kai, su ne a bayan rumfa suke kwaikwayon tafiyar darakta, da yadda yake gyara tabarau kafin ya yi faɗa, da muryar mai sayar da awara a bakin ƙofa. Wanda ya san Damagaram ba zai yi mamaki ba. Garin wasan kara ne, inda talaka ke shiga kamar gwamna ko minista, ya kwaikwayi maganarsa da takunsa a gaban jama'a, wanda ake kwaikwayo ma ya yi dariya. Ga tashe da azumi. Manyanmu kuma ba su manta da wasannin ƙungiyoyin matasa na Samariya na zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce ba, tsakanin 1974 da 1987, lokacin da kowace unguwa ke ji da ƴan wasanta, ko kuma Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, da ƙungiyarsa ta Zinder da ake jira a rediyo da talabijin.

Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi, kuma a kansa duk wannan lamari ya rataya. Wasanmu na baka ne. Ƴan wasan nan da muke yabo, yawanci zama suke yi su daidaita labari, su raba wa juna matsayi, kowa ya hau fage ya zuba maganarsa daga kansa. Rubutaccen wasa, irin wanda André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi a kan Sarki Tanimu, da Faransanci yake, kuma ba shi ne abin da yaran unguwa suka gada ba. Don haka in ka ce wa yaron Damagaram ya yi wasa, zai yi maka har ka riƙe ciki, ba tare da ya kalli takarda ko sau ɗaya ba.

Haka kuwa aka yi a gwajin farko. Madam ta ware ƙarshen yini sau biyu a mako, ta ce su shirya wasa a kan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Aji ya kaure da murna. Wani ƙaton yaro da ya maimaita aji, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, ya fito a Gizo da tsamin baki har yaran ajin kusa suka riƙa leƙe ta kafar zana. Bayan makonni kaɗan ta zauna ta yi lissafi: masu bakin nan su ne dai masu baki, masu kunya sun zama ƴan kallo, karatu kuwa yana nan inda ta bar shi. Da yawa daga cikin abin da ake kira wasan kwaikwayo a makarantunmu nan yake tsayawa, a zaɓi ƴan baiwa biyar a shirya su don bikin ƙarshen shekara, manyan baƙi su tafa, a watse.

Yadda ta ɗaure wasan da takarda

A zagaye na biyu ta sauya tsari. Da farko ta bar tatsuniya, domin kowa ya san ta a ka, ta tambayi yaran abin da ya fi jawo faɗa a unguwa. Ba a yi gardama ba: layin pampo. A Zinder, daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, babu yaron da bai taɓa kai jarka layi tun da asuba ba, ko ya dawo ya tarar an tura tasa baya. Suka gina labari: layin jarkoki, wata tsohuwa da ta ajiye tata tun dare, yaron gidan wani Alhaji da ya zo daga baya ya sa tasa a gaba, ɗan garuwa da kurarsa yana so a bar shi ya cika don abincinsa ke nan, mai kula da pampo, sai mai unguwa da aka kira ya raba gardama.

Daga nan aiki ya fara. Yaro ya faɗi abin da tsohuwa za ta ce, Madam ta tsaida shi, ta ce a rubuta. Ita ke rubutawa a allo da Hausa, amma ba ta sa harafi sai aji ya faɗa mata wanne ne. Jimla ɗaya takan ci minti biyar. Kowane yaro ya kwafe a allonsa, sannan a zaɓi masu kyan hannu su mayar da maganganun kan kwali. Kwalayen sukari da na sabulu ne da ta roƙo daga masu shago, aka yayyanka, kowane ɗan wasa da nasa. Abin da aka kashe a kan wannan aiki duka bai taka kara ya karya ba, alli ne da ƴan alƙaluma masu kauri.

Dokar da ta fi komai tasiri ita ce ta ƙuri'a. Babu mai matsayi na dindindin. Aji ya kasu rukuni-rukuni, in lokacin rukuni ya zo sai kowa ya sa hannu a cikin gwangwani ya zaro takarda, abin da ya fito maka shi za ka zama ranar. Wanda ya haddace maganar mai unguwa jiya, yau yana iya tashi a tsohuwa. Kuma Madam takan yi musu wayo, da dare ta sauya kalma ɗaya ko biyu a kwali. Jiya ɗan garuwa ya ce jarka dala biyar, yau kwali ya ce dala goma, in ya faɗi ta jiya mai kula da pampo zai amsa masa da abin da bai dace ba, wasa ya rikice, ƴan kallo su yi caa. Yaro na iya jure jan alƙalamin malama, amma dariyar abokansa ba ya jure ta. Sai ga yara suna jan juna gefe lokacin shan iska, kwali a hannu, ana bin harafi da yatsa.

Na ga ranar da aka koyi ƙugiyar harafi, ba kuma daga darasi aka koye ta ba. A kwalin yaron gidan Alhaji akwai inda zai ce wa tsohuwa "Ƙarya ce!" Wanda ya kwafe ya manta lanƙwasar, ya sa k. Yaron da ƙuri'a ta faɗa wa, da yake yanzu ya fara karanta abin da ke gabansa da gaske, ya ɗaga murya ya ce wa tsohuwa "Karya ce!" Rumfa ta kusa faɗuwa don dariya, yarinyar da ke tsohuwa ta yi fushi na gaske. Madam ta bari suka lafa, ta rubuta kalmomin biyu a allo, ba ta ƙara komai ba. Daga ranar duk mai kwafe kwali sai ya nemi wani ya duba masa ƙ da ɗ da ɓ. Haka alamar tambaya: sun gane amfaninta ne ranar da mai unguwa ya karanta tambayarsa kamar umarni, wanda ake tambaya ya tsaya yana kallonsa bai san zai amsa ba.

Ta kuma ƙirƙiro matsayin mai tuni, wanda ke zaune a gefe da cikakken rubutun wasan, in ɗan wasa ya kakare ya raɗa masa. Wannan shi kaɗai ba a yi masa ƙuri'a, sai wanda ya iya bin rubutu da sauri. Ta farko da ta riƙe shi wata siririyar yarinya ce da ban taɓa jin muryarta ba, tana cikin ƙalilan ɗin nan da suka yi turus ranar jimlar da aka juya. Ba ta son tsayawa gaban mutane, kuma ba a tilasta mata ba. Amma cikin ɗan lokaci kowane rukuni ita yake nema, har ƙaton yaron nan mai Gizo, wanda da shi ke ƙwace mata wuri a benci, ya koma yana ce mata ta zauna kusa da inda zai tsaya. Ita kuma ta sa masa sharaɗi da kanta: ba za ta raɗa masa jimla duka ba, harafin farko kawai za ta ba shi.

Rigimar ɗan garuwa

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Kowa na son ya fito a mai unguwa, saboda akwai rawani na tsohon gyale da sanda, ana ce maka ranka ya daɗe. Babu mai son ɗan garuwa. A cikin ajin akwai yaron da mahaifinsa ke tura kura da gaske, kuma tun da aka fara wasan wasu ke tsokanarsa, suna cewa shi ba sai ya zari ƙuri'a ba. Yaron ya fara fashin zuwa ranakun wasa. Madam ba ta lura da wuri ba, sai da mai tuni ta je ta faɗa mata a ɓoye.

Ran nan ƙuri'a ta ba ɗan wani ɗan kasuwa matsayin, ya jefar da kwalin ya ce shi ba zai yi ba. Madam ba ta dake shi ba, ba ta kuma yi wa'azi ba. Ta ce to wasa ya tsaya, domin in babu mai kai ruwa gidaje labarin bai cika ba, a ɗauko littafin lissafi. Rukuninsa suka taso masa, ya ɗauki kwalin yana ƙunƙuni. Da ya fara, sai ya riƙa tura bencin da ke matsayin kura da hannu ɗaya yana yanga. Madam ta tambayi aji ko haka ake tura kura mai cike da jarkoki a cikin yashi. Aka yi shiru. Ɗan mai kurar ya ce a'a daga inda yake zaune, sannan ya taso ya nuna: yadda ake duƙawa a sa ƙirji, yadda ake karkata a kan kwana don kada ta kife, yadda ake sa dutse a tayar in za a huta. Ya kuma ce maganar da ke kwalin ba haka masu garuwa ke yi ba, ya faɗi yadda babansa ke cewa in mai gida ya nemi bashi. Aka goge, aka rubuta tasa. Matsayin ya zama mafi tsawon magana a wasan, kuma mafi ban dariya, daga baya har rububinsa ake yi.

Ba zan ce tsokana ta ƙare a makarantar ba, yara yara ne. Amma yaron ya daina fashi, kuma wani abu ya zauna a ajin: in gardama ta tashi a kan wuri ko alli, sai ka ji wani ya ce a bari kowa ya faɗi nasa tukuna, wato yadda mai unguwan wasan ke yi. Sun maimaita jimlar nan har ta zama tasu.

Da maganar ta kai gida

A wajen watan Janairu wani mahaifi ya zo wurin darakta ransa a ɓace. Ƴarsa ta koma gida tana ba da labarin cewa ta fito a matar Alhaji, wani yaro kuma shi ne mijin. Darakta ya kira zaman kwamiti, aka gayyaci Madam da shugabar ƙungiyar iyaye mata.

Mutumin bai yi hayaniya ba. Ya ce, "Malama, ni karatu na kawo ta. Da safe tana lakwal, da yamma tana makarantar allo. Ban kawo ta a ce mata matar wane ba, ko da wasa. Gobe a unguwa da wannan sunan za a riƙa kiranta."

Madam ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Ban yi tunanin wannan ba. Amma ina roƙon alfarma ɗaya, a kira ta ta karanta maka abin da ke hannuna."

Aka kira yarinyar, aka ba ta kwalin da ba ta taɓa gani ba, na wani rukuni. Ta karanta, tana tsayawa tana komawa, amma ta kai ƙarshe. Mahaifin ya yi shiru, sannan ya ce ya ji, amma maganarsa tana nan.

A ganina yana da hujja, kuma da an zo wa iyaye da maganar tun kafin a fara, da ba a kai ga haka ba. A garin nan kalmar wasan kwaikwayo tana ɗauke da kaya, wasu finafinai take tuna musu, wasu kuma raye-raye. Abin da aka tsayar a zaman shi ne babu sauran matsayin miji da mata, matar Alhaji ta koma yayarsa. Ba za a kwaikwayi wani mutum na gaske da aka sani a unguwa ba, wanda hakan ya ceci darakta da tabaransa. Shugabar iyaye mata kuma ta kawo shawarar da ta fi tamu duka: yara su riƙa zuwa da kwalin gida su karanta wa uwayensu, kowa ya ji abin da ake faɗa. Ta ce yawancinsu ba su yi lakwal ba, littafin Faransanci in yaro ya kawo sai dai su kalli hoto, amma wannan in ya yi kuskure za su kama shi. Haka aka yi, har wata uwa ta aiko a gyara maganar tsohuwa, wai babu tsohuwar da za ta yi wa mai unguwa magana ba ta fara da gaisuwa ba.

Shi dai mahaifin bai yarda ƴarsa ta sake tsayawa a fage ba. Aka sa ta cikin masu kwafe kwali, daga baya ta zama mai tuni ta biyu.

Batun Faransanci

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma ba a warware shi duka ba. Makarantar ba ta cikin masu koyarwa da harshe biyu, jarrabawa da Faransanci ake yin ta. Da mai duba aikin malamai ya zo ya ga allo cike da Hausa, ya tambayi Madam a wane sashe na manhaja wannan yake. Tambaya ce da ta dace da aikinsa. Abin da ya ba ni dariya a raina shi ne a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Nijar, tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yau malama na iya jin kamar an kama ta da laifi don ta rubuta Hausa a allo. An dai rabu a kan cewa wasan zai zauna cikin lokacin koyon magana da na ayyukan fasaha, kuma za a riƙa juya wani sashe zuwa Faransanci.

Juyawar ta yi amfani ta wata fuska. Yaran sun riga sun san abin da kowane ɗan wasa ke nufi, don haka jimlar Faransanci ba ta zo musu a duhu ba, kuma karo na farko na ji yara suna faɗin Faransanci da fushi ko da roƙo a muryarsu, ba da karin hadda ba. Amma rubutun Hausa kusan kowane harafi da sautinsa guda, na Faransanci kuwa sauti ɗaya ana iya rubuta shi o ko au ko eau, ga haruffan ƙarshe da ba a furtawa. Harafin c da suka saba da shi a kalmomin "ciki" da "cokali" ya koma wani abu dabam, u ma haka. Makonnin farko sun riƙa karanta Faransanci da bakin Hausa. Madam ta raba allo biyu, ta ware haruffan da suka yi tarayya da waɗanda suka saɓa, tana komawa kansu kullum. Masu ƙarfi sun haye da sauri. Na tsakiya suna tafe. Na baya kuwa sun tsaya a Hausar.

Abin da aka samu a ƙarshen shekara

A watan Mayu, ana tsakiyar zafi, ta sake gwajin nan na juya kalmomi, wannan karon da jimlar da ba su taɓa gani ba. Aji bai rera ba. Aka ji murya daban-daban, wani na gaba wani na baya, wasu na gyara wa wasu. Ga wanda bai san aikin ba, ajin Oktoba ya fi daɗin ji. Da ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawa suna iya karanta gajeren rubutun Hausa da ba su haddace ba, har da ƙaton yaron nan, a hankali, yana motsa leɓe kafin ya furta. A karatun Faransanci an matsa, amma ba kamar haka ba. A dikte, wato shifta, kuwa makin da yawansu bai tashi sosai ba, kuma wasu iyayen makin suke dubawa.

Ban ɗora duk wannan a kan wasa ba. Shekara guda yaro na girma, kuma malamar da ke yanka kwali da dare, da wace hanya ta bi ma za ta fi wadda ba ta damu ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne wasan ya ba yaran dalilin karanta rubutu ɗaya sau da yawa ba tare da gundura ba, ya kuma sa hadda ta daina fitar da su. Inda aka cire ƙuri'a da kwali da mai tuni, kamar a gwajin Gizo, babu abin da ya motsa.

Akwai kuma waɗanda abin bai kai gare su ba. Yaran da ke fashi don talla ko ɗiban ruwa, musamman mata a watannin zafi, sun rasa zagaye da yawa, sai ya zama layin pampo na gaske ya hana su na wasa. Da yawan ajin, rukuni kan daɗe kafin layi ya sake zagayowa kansa. Yajin aikin malamai ya ci wasu makonni. Ita kanta Madam ta gaji, domin sauya kwalaye da duba rubutun rukunoni duk a lokacinta na gida take yi, ga albashin ƴan kwantiragi da ba kullum yake zuwa a kan kari ba.

Yaran sun wuce CM1, shekara ta 5, wurin wani malami da ya ce shi manhaja ta ishe shi, ba shi da lokacin wasa, kuma ba wanda zai iya tilasta masa. Kwamiti ya amince a sayi alƙaluma da takarda mai kauri daga asusun makaranta, malamai biyu na CE1, shekara ta 3, sun ce za su gwada. Da aka zauna shiri sai ta bayyana cewa dukansu biyu, duk da Hausa suka sha a nono, ba a taɓa koya musu ƙa'idar rubuta ta ba, ɗaya ma da ou yake rubuta u. Madam ce ke zama da su bayan an tashi, suna bin kwalayen bara ɗaya bayan ɗaya kafin su fara da yaransu.